Nasiha Ko Fallasa? Abin Da Aka Yi Wa Patrick Roy Da Abin Da Shi Ma Ya Yi

Na san wani zai yi mamakin ganin zancen wasa a wannan shafi, wasan ma na mutanen ƙasashen sanyi, wanda yawancinmu ba mu taɓa ganin filinsa da idonmu ba. A yi mini uzuri. Abin da ya ja hankalina shi ne wata ɗabi'a da ta bayyana a cikinsa ƙarara, wato ɗabi'ar shugaban da zai ga aibin wanda ke ƙarƙashinsa, sai ya tsallake mai aibin ya tafi ya zayyana wa duniya, sa'an nan ya kira abin da ya yi da sunan faɗar gaskiya. A wasan hokin ƙanƙara na Kanada da Amurka an daɗe ana yin haka, kuma da yake komai nasu a rubuce yake, da rana da wata da shekara, ana iya bin sawun maganar har a ga inda ta sauka da irin ɓarnar da ta yi.

Kafin mu shiga labari, ya kamata a san yadda wasan yake, domin a nan ne nauyin bakin mai horarwa ya samo asali. Hokin da wasu daga cikinmu suka gani a makarantun sakandare a kan ciyawa ko turɓaya ake yin sa. Wannan kuwa a kan daskararren ruwa ne, 'yan wasa na sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani faifan roba mai tauri da sanduna, wanda za mu riƙa ce wa ƙwallo domin sauƙi. Mutum shida ne a fili daga kowane ɓangare, har da mai tsaron raga, ana yin zubi uku na minti ashirin-ashirin. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya wuce minti ɗaya ko ƙasa da haka sai ya fito wani ya shiga, kuma mai horarwa da ke tsaye a bayan benci shi ne ke cewa wane ya shiga, wane ya zauna. Ke nan darajar ɗan wasa, da yawan mintocin da zai samu, da albashin da za a yi masa a kwantiragi na gaba, duk suna rataye da ra'ayin mutum ɗaya. A gasar NHL, wadda ita ce babba a duniya, kowace ƙungiya tana buga wasa sama da 80 a kakar wasa ɗaya kafin a shiga neman Kofin Stanley, kuma kusan bayan kowane wasa mai horarwa zai tsaya gaban 'yan jarida, gumi bai bushe ba, zuciya ba ta huce ba. Sama da sau tamanin a shekara ana miƙa masa makirufo a daidai lokacin da ya fi kamata ya yi shiru.

Patrick Roy ya kasance mai tsaron raga na ƙungiyar Montreal Canadiens, ƙungiyar da ta fi kowace ɗaukar Kofin Stanley, har sau 24. Yana ɗan shekara ashirin ya kai su ga kofin a 1986. A 1993 aka haɗa su da maƙwabtansu kuma abokan hamayyarsu na birnin Quebec a zagayen farko na neman kofi, inda ƙungiyoyi biyu ke ta karawa har sai ɗaya ta ci sau huɗu. Montreal ta sha kashi a wasa biyu na farko, Roy bai taka rawar gani ba, jaridu da masu kiran gidajen rediyo suka taso shi a gaba, ana cewa a ajiye shi a sa wani. Mai horarwa na lokacin, Jacques Demers, yana da hanya mai sauƙi a gabansa: ya bi bayan jama'a, ya jingina wa mai tsaron ragarsa laifin, ya tsira da nasa mutuncin. Bai yi haka ba. Ya tsaya a kan cewa Roy ne zai ci gaba da tsaron raga. Daga nan Montreal ta ci wasa goma sha ɗaya a jere, ta ci wasa goma a ƙarin lokaci a wannan shekara, ta ɗauki kofin, aka zaɓi Roy a matsayin gwarzon gasar. A wancan karon da Quebec, na'urorin talabijin sun kama mai horar da Quebec, Pierre Pagé, yana zazzaga wa 'yan wasansa faɗa a kan benci a idon duniya, cikinsu har da Mats Sundin, wanda shekara ɗaya bayan haka aka yi musayarsa zuwa Toronto. Benci biyu a fili ɗaya, kowane da irin tasa tarbiyyar.

Ban ce haƙurin Demers kaɗai ne ya kawo kofi ba. Wasa yana da dalilai da yawa. Na kawo wannan ne domin mai karatu ya riƙe siffar Roy a hannun mutumin da ya rufa masa asiri, kafin ya gan shi a hannun wanda ya tona.

A watan Oktoba na 1995, bayan an fara kakar wasa da rashin nasara, shugabannin ƙungiyar suka sallami Demers, suka ɗauko Mario Tremblay. Tremblay tsohon ɗan wasan Montreal ne, har sun yi wasa tare da Roy, amma bai taɓa horar da kowace ƙungiya ba. Daga aikin sharhi a kafofin watsa labarai aka ɗauko shi, wato daga sana'ar da abincinta shi ne faɗar aibin 'yan wasa a bainar jama'a. Tun farko jininsu da Roy bai haɗu ba. A daren Asabar 2 ga Disamba 1995, ƙungiyar Detroit Red Wings ta zo filin Forum na Montreal, ana nuna wasan a talabijin a duk faɗin Kanada. Detroit ta zura wa Roy ƙwallo biyar a zubin farko. Al'adar wasan, wadda yaro ma ya sani, ita ce idan dare ya ɓaci wa mai tsaron raga haka, a fitar da shi a sa mataimakinsa, domin a kare masa mutunci, a kuma farkar da sauran. Tremblay ya bar shi a ciki. Aka ci na shida, aka ci na bakwai. Da wata ƙwallo mai sauƙi ta zo ya tare, sai 'yan kallo, mutanen garinsa da ya kawo wa kofi sau biyu, suka ɓarke da tafin ba'a, shi kuma ya ɗaga hannuwansa sama cikin takaici. Sai da aka zura masa tara daga cikin bugu 26, a tsakiyar zubi na biyu, sa'an nan aka kira shi waje. An tashi wasan 11 da 1.

A filin Forum kujerar shugaban ƙungiya tana bayan bencin 'yan wasa. Roy ya fito, ya wuce ta gaban Tremblay, ya isa wurin shugaban, Ronald Corey, ya shaida masa cewa wannan shi ne wasansa na ƙarshe a Montreal, na'urori na ɗauka. Kwana huɗu bayan haka, ranar 6 ga Disamba, aka yi musayarsa tare da kyaftin ɗin ƙungiyar, Mike Keane, zuwa Colorado Avalanche, aka karɓo mutum uku a madadinsu. Wata shida bayan nan Colorado ta ɗauki Kofin Stanley na 1996, kuma a kan hanyarta ta fitar da Detroit ɗin nan. Roy ya sake ɗauka da ita a 2001. Montreal kuwa, daga 1993 har zuwa 2025 ba ta sake ganin kofin ba. Shi kansa Tremblay ya ajiye aikin a 1997, yana kokawa da irin matsin da jaridu suka yi masa. Ashe wuƙar tana da zafi idan a jikinka ta sauka.

Wani zai ce ai Tremblay bai furta ko kalma ɗaya ba a wannan dare. Haka ne, amma hukuncin da ya yanke ya fi magana amo. Ya gaya wa mutum dubu goma sha da ke filin, da miliyoyin da ke gida, cewa wannan mutum yana da girman kai kuma yau za a sauke masa shi. Ba na musun cewa Roy mutum ne mai ji da kansa, mai wuyar sha'ani, kuma mai yiwuwa ne sabon mai horarwa yana da hujjar neman ya nuna wa ya ke da iko. Abin tambaya a nan shi ne: wa aka yi wa wannan darasi? Da Roy ake nufi, da akwai ofis, akwai ƙofa da ake rufewa, akwai gobe da safe. Da aka zaɓi filin Forum da daren Asabar, sai darasin ya tashi daga gyara ya koma nuni. Wannan shi ne bambancin nasiha da fallasa, kuma ba a tsananin kalmomi yake ba. Ana iya yi wa mutum nasiha mai ɗaci har ya zub da hawaye, ya fito yana godiya. Ana iya fallasa shi da murya mai taushi. Bambancin yana ga wanda aka fuskanta da maganar. Mai nasiha yana kallon mai laifi. Mai fallasa yana kallon taro, yana kuma neman wani abu a wurinsu, ko dai su yaba masa da rashin tsoro, ko su ɗauke masa alhakin faɗuwa su aza wa wani.

Haƙiƙa idan mai horarwa ya ambaci sunan ɗan wasa da aibi a gaban 'yan jarida, kunnuwa iri-iri ne ke saurare, kuma kowanne da abin da yake ji. Shi ɗan wasan ba ya jin gyaran da ke cikin maganar, ko da gyaran gaskiya ne, domin kunya ta riga ta toshe masa kunne. Abin da yake ji shi ne matarsa da mahaifinsa da 'ya'yansa a makaranta duk sun karanta. Daga ranar zai shiga fili yana gudun kuskure, alhali wasa mai irin wannan gudu ba ya yiwuwa ga mai ɗari-ɗari, domin kafin ya gama shawara da zuciyarsa ƙwallo ta wuce. Shugabannin sauran ƙungiyoyi su ma suna ji, kuma abin da suke ji shi ne kaya sun yi araha. Wanda ya kushe hajarsa a tsakiyar kasuwa ba shi da bakin tsawwala kuɗi, shi ya sa ake lissafa musayar Roy cikin mafi muni a tarihin Montreal. Amma kunnen da ya fi muhimmanci shi ne na sauran 'yan wasa da ke zaune a ɗakin canza kaya. Su ba su ji an ce wane ya yi laifi ba. Sun ji an ce: duk ranar da ta ɓaci, mutumin nan zai sayar da ɗayanmu ya fanshi kansa. Kowa sai ya fara lissafin yaushe ne nasa layin.

A wasan hoki wannan lissafi yana da tsada ƙwarai. Ana buƙatar ɗan wasa ya jefa jikinsa gaban ƙwallon da ke tafe da gudun da kan haura kilomita 150 a awa, ya tare da ƙafa ko ƙirji, wani lokaci ya karye. Ana buƙatar ya shiga kusurwa ya san za a maka shi da bango domin ya fitar wa abokinsa ƙwallo. Babu kwantiragin da zai tilasta wa mutum wannan. Amana ce ke sa shi, yardar da ya yi cewa waɗanda yake yi dominsu za su tsaya masa ranar da ya kasa. Idan amanar ta tsage, ba za ka ga tawaye ba. Za ka ga an makara da rabin taki, an kauce wa ƙwallo da ɗan kaɗan, kowa ya yi daidai abin da ba za a zarge shi ba. Sa'an nan ɗakin ya rabu: masu cewa ai gaskiya aka faɗa masa, da masu cewa an ci zarafinsa, kyaftin kuma ya rasa inda zai sa kansa, domin in ya kare abokinsa ya saɓa wa shugaba, in ya yi shiru ya zubar da girmansa a idon 'yan'uwansa.

Wanda yake son ya ga yadda ake shuka irin wannan gaba tsakanin 'yan wasa da kansu, ya dubi abin da Mike Babcock ya yi a Toronto. Babcock ba ƙaramin mai horarwa ba ne: ya ɗauki kofi da Detroit a 2008, ya ci wa Kanada zinare a wasannin Olamfik na 2010 da 2014. A kakar 2016 zuwa 2017 ya sa wani sabon yaro ɗan shekara goma sha tara, Mitch Marner, ya jera masa sunayen abokan wasansa daga mai ƙwazo zuwa malalaci. Yaron ya ɗauka sirri ne tsakaninsa da malaminsa. Sai Babcock ya kai wa waɗanda aka sa a ƙasa labari. Nan ba a kira ɗan jarida ko ɗaya ba, amma asalin cutar ɗaya ce: an ɗauki maganar ɗaki an kai ta inda ba a yi alkawari ba. Labarin bai fito ba sai bayan an kore shi a Nuwamba 2019, shi ma ya amsa cewa kuskure ne. Da Columbus ta ɗauke shi a 2023, ko wasa ɗaya bai jagoranta ba ya ajiye aikin, bayan ƙorafin cewa yana neman 'yan wasa su nuna masa hotunan da ke cikin wayoyinsu. Wanda aka san shi da fitar da sirri, ko tambayar lafiyar iyali ya yi sai a tsargu.

To, adalci ya wajabta mu saurari ɗaya ɓangaren, domin suna da hujjoji kuma ba na banza ba ne. Suna cewa waɗannan ba yara ba ne, manya ne masu karɓar miliyoyin daloli daga aljihun 'yan kallo, kuma mai biya yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya. Suna cewa akwai ɗan wasan da an yi masa magana a ɗaki sau goma bai ji ba, kwantiraginsa ya fi na mai horarwa tsawo da tsoka, ya san za a kori malamin kafin a kore shi, don haka babu sandar da ta rage sai ta kunya. Suna kuma kawo misalin John Tortorella, wanda ya shahara da kaifin harshe: ya yi ta gwabzawa da tauraronsa Vincent Lecavalier a Tampa Bay, har aka karɓe masa kyaftin a 2001, amma a 2004 su biyun suka ɗaga kofi tare.

Misalin da ya fi dacewa a auna wannan hujja da shi shi ne na Rick Bowness a Winnipeg. A Afrilu 2023 ƙungiyarsa ta Jets ta ci wasan farko da Vegas, sa'an nan ta sha kashi huɗu a jere aka fitar da ita. Dattijon, yana da shekara 68, ya fito gaban 'yan jarida ya yi maganar da ba ta fi minti ɗaya ba: ya ce ransa ya ɓaci har yana jin ƙyama, ya ce babu wata turjiya a tare da 'yan wasansa, kuma manyan 'yan wasan Vegas sun fi nasa nesa ba kusa ba, ya ce tun watannin Janairu da Fabrairu yake ganin haka. 'Yan kallo da yawa suka ji daɗi, suka ce yau an sami mai faɗa. Bayan kwana biyu Blake Wheeler, wanda ya daɗe yana kyaftin kafin Bowness ya karɓe muƙamin a 2022, ya mayar da martani a gaban waɗannan 'yan jaridar. Abin lura shi ne bai tsaya musun cewa sun yi wasa mara kyau ba. Ƙorafinsa shi ne an iya gaya musu wannan a fuskarsu, a bayan ƙofa. Bowness ya yarda cewa kalmar ƙyama ta yi tsauri, amma bai janye sauran ba. Kafin ƙarshen Yuni an biya Wheeler an sallame shi, bayan shekara goma sha biyu a birnin.

Masu goyon bayan Bowness za su ce: ga shi kuwa, a kakar da ta biyo Winnipeg ta ci wasa 52. Gaskiya ne. Amma a tuna abin da ya koka a kai shi ne rashin turjiya a lokacin neman kofi, kuma a 2024 aka sake fitar da su a zagayen farko, a wasa biyar, kamar bara, wannan karon a hannun Colorado. Abin da za a iya tabbatarwa kawai shi ne maganar ta raba shi da wani sashe na ɗakin, kuma sai da aka fitar da mutane kafin iska ta lafa. Wannan shi ne abin da na lura da shi a yawancin misalan da ake kawowa na nasarar fallasa: ba ta gyara wanda aka yi wa ba, sai dai ta share hanyar rabuwa da shi. In rabuwa ake so, to a kira ta da sunanta, a daina cewa tarbiyya ce. Game da haƙƙin 'yan kallo kuwa, mai horarwa yana iya cewa mun yi wasa mara kyau, mun kasa, da ni da su, babu wanda ya yi ƙarya kuma babu wanda aka tsame aka rataye. Kalmar "mu" da kalmar "su" harafi ɗaya ya raba su, amma 'yan wasa suna jin bambancin tun daga ƙofar ɗaki.

Shi ma Tortorella, ba kowa ne Lecavalier ba. A Fabrairu 2019, yana horar da Columbus, aka tambaye shi game da wani matashi mai suna Anthony Duclair, sai ya ce a ganinsa yaron bai ma san yadda ake buga wasan ba. A lura, bai ce ya yi sakaci a wasa kaza ba, ko ya bar wurinsa a minti kaza, abin da mutum zai iya gyarawa gobe. Ya soke shi ne a asalin sana'arsa. Cikin 'yan kwanaki aka yi musayarsa zuwa Ottawa. A Disamba na wannan shekara Duclair ya zura wa Columbus ƙwallo uku a wasa ɗaya, a 2020 aka zaɓe shi cikin taurarin gasar, a kakar 2021 zuwa 2022 kuma ya ci ƙwallo 31 a Florida. Masu son Tortorella suna cewa maganar ce ta zaburar da shi. Ko da mun sallama musu, wa ya ci amfanin zaburar? Ottawa da Florida. Columbus ta yi shuka, wasu suka girbe.

A nan ne labarin ya zagayo inda ya faro, kuma wannan ɓangaren ne ya sa na ɗauki alƙalami. Patrick Roy, bayan ya yi ritaya, ya zama mai horarwa. A ƙungiyar matasa ta Quebec Remparts ya horar da Duclair ɗin nan tun yana ɗan saurayi. A Janairu 2024 Roy ya karɓi ƙungiyar New York Islanders, a watan Yuli kuma Duclair ya sa hannu a kwantiragin shekara huɗu da ita, ya koma hannun tsohon malaminsa. Kakar ba ta yi masa kyau ba. Tun a Oktoba ya ji mummunan rauni a matsematsinsa, ya yi makonni yana jinya, da ya dawo kuma bai koma yadda yake ba. A farkon Afrilu 2025, bayan sun sha kashi a hannun Tampa Bay, aka miƙa wa Roy makirufo. Ya kama sunan Duclair, ya ce wasansa ya yi muni matuƙa, ya ce sa'a ma ya ci da aka sa shi a cikin jerin masu bugawa, ya kuma yi shakkar ƙoƙarinsa. Kwana biyu bayan haka aka sanar cewa Duclair ya nemi hutu daga ƙungiyar, kuma bai sake buga wasa ba har kakar ta ƙare.

Mutumin da ya san zafin wannan wuta fiye da kowa a tarihin wasan, wanda ya bar garin da ake ƙaunarsa saboda dare ɗaya na tozarci, shi ne ya hura ta ga yaron da ya rena da hannunsa, shekara kusan talatin bayan nasa daren. Ban kawo wannan domin in ce Roy munafuki ne ba. Na kawo shi ne domin ya rushe zaton da muke yi cewa masu fallasa wasu irin mutane ne daban, miyagu, waɗanda ba su san ciwo ba. Sau da yawa mutum ne mai kishin aikinsa, wanda aka kayar, ransa na tafasa, aka tambaye shi dalili a gaban jama'a, sai harshe ya nemi suna mafi kusa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa. Kuma sanin ciwo bai isa ya zama kariya ba, matuƙar mutum bai ɗaure wa kansa ƙa'ida tun kafin fushi ya zo ba: cewa ba zai faɗi a waje abin da bai riga ya faɗa wa mai shi a fuska ba, cewa zai soki aiki ya bar asalin mutum, cewa kafin ya zargi ƙoƙarin wani zai bincika ko akwai raunin da bai sani ba. Duclair ya bayyana daga baya cewa raunin nasa ya fi yadda jama'a suka zata tsanani. Ke nan abin da aka kira lalaci a gaban duniya, wani kaso nasa ciwo ne.

Tsakanin Roy da Montreal sai da aka shekara goma sha uku kafin a dawo da shi filin a Nuwamba 2008, aka rataye lambarsa ta 33 domin girmamawa. Tsakaninsa da Tremblay kuwa sai a 2021 jama'a suka gan su zaune tare suna raha, a cikin wata tallar talabijin. Da abin ya zo kansa a 2025 bai bari ya kai haka ba. Kafin a buɗe sabuwar kakar wasa ya je ya sami Duclair ido da ido ya ba shi haƙuri, ya kuma faɗa wa 'yan jarida cewa ya yi nadamar kalamansa, Duclair ya dawo sansanin horo a watan Satumba ya ce maganar ta wuce a wurinsa.